Munduwa a Hannun 'Yar Fari

Ni 'yar maƙera ce, kuma matar maƙeri. Ubana maƙerin fari ne, mai aikin azurfa da tagulla, ba mai garma da lauje ba. Mijina ma haka. Ban yi boko ba, allona ma bai yi nisa ba, wannan da kuke karantawa faɗa nake yi ana rubutawa. Amma in zancen azurfa ne, daga nan har Bunkure ban ga matar da za ta gaya mini abin da ban sani ba.

A gidan maƙera mace ba ta zama gaban uwar maƙera, ba ta ɗaga masaba, ba ta taɓa magagari. Haka muka taras, ba mu kuma tambayi dalili ba. Namu wanki ne da shiri. In namiji ya gama ƙira, abu ya fito daga wuta baƙi ƙirin, mu ne za mu jiƙa shi a ruwan tsamiya, mu dirje shi da toka har mutum ya ga haƙoransa a ciki. Mu ne masu shirya murjani da duwatsun wuya a zare. Sai kuma riƙon hannu.

Fulanin da ke zaune a hayin kanal, tun kafin a haƙa kanal ɗin ma, suna kawo 'ya'yansu mata a sa musu munduwa. Ba irin warwaron kasuwa ba da ake zurawa da safe a cire da yamma. Dunƙulalliyar azurfa ce mai kaurin babban yatsa, bakinta a buɗe. Za a sa hannun yarinya a ciki, a ɗora a kan uwar maƙera, a cusa ɗan fallen ƙaho tsakanin fata da azurfa, maigida ya yi ta bubbugawa a hankali har bakin ya haɗe. Daga nan ba ta fita. Ni ce mai riƙe hannun yarinyar, ina yi mata tatsuniya don kada ta fizge. Yarinya tana girma hannu yana kauri, sai a riƙa dawo da ita lokaci-lokaci, maigida ya sa awartaki ya ɗan buɗa bakin. Wannan shi muke ce wa ba munduwa numfashi.

To, sai tsufa ya zo. Yanar ido ta rufe wa maigida gani, hannunsa ya kama karkarwa. 'Ya'yanmu maza kuwa duk sun bi noman ruwan kanal, wannan tumatir, wancan shinkafa, babu wanda ya yarda ya zauna shaƙar hayaƙin gawayi. Aka rufe maƙera, zugazugi ya bushe a rataye. Masu irin wannan munduwa yawancinsu sun zo an cire musu tun maigida na iyawa. Waɗanda ba su zo ba, mun ɗauka sun sami wani maƙerin a wani gari.

Ina da ƙawa Bafillatana, mai tallan nono. Tun ina amarya take shigo mini da ƙwarya, har muka zubar da haƙora tare. Haihuwarta ta fari mace ce, ni na riƙe hannunta ranar da aka sa mata munduwa. Tata ta fi ta kowa, don akwai dutse a kanta, jan dutse irin na da wanda muke ce wa tsakiya, mai farin zane a ciki kamar jijiya. Na kakar ƙawata ne. Maigida ya ƙwaƙule masa gurbi a bayan munduwar, ya zaunar da shi da danƙo, ya lanƙwaso leɓen azurfa ya danne shi.

Kun san Fulani da ɗan fari. Mu ma muna kara, amma tasu ta fi tamu nisa. Ƙawata ba ta taɓa kiran sunan yarinyar nan a gabana ba. Ba ta kallonta ido da ido, ba ta tambayar lafiyarta a gaban mutane. In za ta ambace ta, sai ta ce "waccan". Yarinyar ta yi aure a wata ruga can gaba, har ta haihu, tana nan dai a waccan.

Ranar da abin ya faru kakar tumatir ce, hantsi ya dubi ludayi. Gari ya yi tsit, maza duk suna gona, ba ka jin komai sai kukan injin ban ruwa da motocin da ke jigilar kwanduna. Ina tsakar gida ina yanka tumatir na kauɗa sai na ji sallama. Ƙawata ce, amma ba ƙwarya a kanta. Bayanta ga 'yar, ta lulluɓe hannun dama da mayafi.

Na ce, "Yau kuma shanun ne suka yi yaji, ko rijiyar da kike ƙara wa nonon ce ta ƙafe?"

Da wata rana ce da ta rama, ta ce ai mu Haɓe ko ruwan kanal aka ba mu, in dai fari ne, sha za mu yi. Ranar ko murmushi ba ta yi ba. Ta tsuguna ta gaishe ni, ta tambayi gajiya, ta tambayi zafi, ta tambayi jikoki. Sannan ta dubi bango ta ce, "Malam na ciki? Munduwar waccan ce ta ɗan matse."

Na tashi na yaye mayafin.

Hannun ya kumbura tun daga gwiwa har yatsu, ya yi sumul kamar an hura shi. Munduwar ta nutse a ciki kamar igiya a wuyan buhu, nama ya taso ta gaba da ta baya yana neman rufe ta, dutsen kaɗai ke leƙowa. Na so in duba farce in ga ko jini na zuwa, sai na tarar lalle ya rufe su. Na juya tafin, ya yi duhu, launin ɗinya. Na taɓa yatsun. Ana wannan zafin rana amma su sanyi ƙalau kamar gindin randa.

"Tun yaushe?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Uwar ce ta ba bango amsa. Jiya da safe ne. Tana kwance maraƙi daga dangwali, ta naɗe igiyar a hannu, sai wani manomi ya ta da injin ban ruwa a gonar da ke jikin rugar. Maraƙin ya zabura ya ja ta ƙasa, tsintsiyar hannun ta ce ƙas. Ta tashi ta kakkaɓe zani. A gidan surukai take, wa za ta yi wa kuka? Ta ƙarasa tatsa da hagu, ta yi tuwo da hagu, ta kwana da abinta. Sai da gari ya waye aka ga ta kasa ɗaura goyo. Suka shafa man shanu suka yi ta jan munduwar, suka gasa da ruwan zafi suka sake ja, hannu kuwa yana ƙara hawa. Aka aika wa uwar. Suka je wurin maɗori, ya ce akwai karaya, amma ba zai taɓa ba sai an raba ta da azurfar, kuma ko an raba a wuce da ita asibiti a Kura, don launin nan bai yi masa ba. Mijinta ya tafi bakin titi neman adaidaita sahu. A kakar tumatir kuwa, samun abin hawan da babu kwando a cikinsa sai an sha wuya.

Na ce da yarinyar, "'Yar nan, da kika yi shiru, hannun aro ne?"

Ta ce, "Ba ya ciwo sosai, Inna."

Wannan maganar ta fi kumburin tayar mini da hankali.

Na shimfiɗa tabarma a bakin tsohuwar maƙera, inda haske ya fi, na shiga na taso maigida. Ya fito da sandarsa yana lalube. Ya shafa hannun, ya bi munduwar da yatsa har ya sami dutsen.

Ya ce, "Aikina ne wannan. Rabonta da numfashi tun yaushe?"

Ƙawata ta ce, "Tun da ka daina."

"Ba ku kai wa kowa ba?"

"Hannun da ya rufe shi ke buɗewa. Mu haka muka sani."

Maigida ya ce in ɗauko masa jakar kayan aiki. Ya fara da awartaki, bai sami wurin kamawa ba, bakin munduwar ya nutse a cikin nama. Ko da ya kama ma, azurfar da ta sha masaba ba ta lanƙwasuwa da daɗi sai ta ga wuta, wa kuma zai kai hannun mutum wuta? In aka ce ƙarfi za a sa, karayar za a murɗe. Hanya ɗaya ta rage, a goge ta da magagari a wani wuri har ta yi siriri, yadda in an ja bakin za ta buɗe ta nan kamar ƙyaure.

Ya ɗauki magagari ya ɗora. Kafin ya fara goga, bakin ƙarfen ya kama rawa a kan azurfar, ƙyas-ƙyas-ƙyas, kamar haƙoran mai zazzaɓi. Ya danne da ɗaya hannun, rawar ta ƙaru. Magagarin ya zame ya karci fatar, jini ya ɗan tsattsafo. Namiji ne da ya yi zamaninsa, ga baƙi a gabansa, ba zan ce masa ba zai iya ba.

Na matso na ce, "Malam, ka ara mini kunnenka, in ara maka idona."

Ya juyo da fuska wajena. "Ubanki ya taɓa ba ki magagari?"

"Bai ba ni ba. Amma bai taɓa cewa in rufe ido ba, kai ma ba ka ce ba."

"Mace a bakin maƙera. Me za a ce a gari?"

"Za a ce gidan maƙerin fari aka kawo hannu, aka koma da dungu."

Ya daɗe yana juya ƙotar a hannu. Sannan ya ajiye magagarin a kan tabarma, ya tura shi da yatsa wajen ƙafata. Ya ce, "Ni dai ban ba ki ba. Ajiyewa na yi."

Na ɗauka. Sai maganar inda za a goga. Wurin da ya dace shi ne wanda ke fuskantar bakin, wato ƙarƙashin dutsen, inda aka riga aka ƙwaƙule gurbi, azurfar ta ragu. Ina faɗin haka ƙawata ta ɗago kai.

"Ban da dutsen."

"Ke, duba nan..."

"Ban da dutsen, ƙawa. Ki goga ta gefe. Kakata ta ba uwata, uwata ta ba ni. Ko tsagewa bai taɓa yi ba."

Maigida ya ce a gwada gefen, mai kaya shi ke da magana a kan kayansa. Na ba ƙawata buta na ce ta riƙa ɗiga ruwa, don azurfa tana ɗaukar zafi in ana gogarta, kada mu ƙona fata. Na nemi cusa fallen ƙaho ta gefen, babu ko hanyar tsinke. Na danne naman da babban yatsa, na yi bismillah, na fara.

Gefen nan kuwa a nan karayar take. Duk jan da na yi ƙashi ne ke amsawa. Yarinyar kuwa fuskarta kamar ta mai jiran a gama mata kitso. Sai na daina kallon fuskar na koma kallon ƙafa. Bafillatana na iya hana bakinta, amma ba ta iya hana yatsun ƙafarta. Ina gogawa suna ƙanƙamewa, suna tonon tabarma. Na ce a raina, madalla, muddin ƙafa na tono hannu na da rai.

Kafin wani lokaci matan unguwa sun cika ƙofa. Wannan ta ce a kai wa mai walda ya yanke da injinsa, waccan ta ce a sa sabulu. Wata kuma ba hannun take kallo ba, ni take kallo, ta ce, "Iya, yau ke ce da magagari?" Na ce, "Ni ce. In kin gama kallo ki matsa, kin tare mini haske, ga ki da faɗi kamar rumbu." Suka ja baya amma ba su tafi ba.

Na yi ta goga. Gumi na shiga mini ido, kafaɗata na ƙuna, garin azurfa na bin ruwa yana gangara a kan zanina. Da na tsaya na duba, ɗan zanen da na yi bai fi a sa farce ba. Magagarin ya daɗe a ajiye, haƙoransa sun dasashe. A wannan tafiyar sai la'asar.

Can na lura tabarmar ta yi shiru. Na dubi ƙafar, yatsun sun miƙe, a sake. Na zaro allura daga ɗankwalina na soka a kan babban yatsan hannunta, idona na kan ƙafar. Ko gezau.

"Kin ji?"

"Me, Inna?"

Na ajiye magagari na ɗauki basilla, na nufi dutsen. Ƙawata ta cafke mini hannu.

"Na ce ban da dutsen."

"Dutsen ne zai tatsar miki nono? Dutsen ne zai goya miki jika? Dubi hannun nan! Dube shi mana!"

Ba ta duba ba. Ƙofa take kallo. Ta ce, "Ni ban san komai a kan hannun mutane ba. Dutsen na sani." Amma butar da ke ɗaya hannunta ta karkace, ruwa na tsiyaya a cinyata ba ta sani ba, har ya jiƙa ni sharkaf. Na san matar nan. Ga idon unguwa a kanta, ba za ta iya buɗe baki ta ce a fasa gadon kakarta saboda 'yar fari ba, ko da za ta haɗiyi zuciya ta mutu a wurin.

Na ɗaga murya yadda na ƙofa za su ji. "Jama'a ku shaida, mai dutse ta hana, ni ce na ƙi ji. In da laifi a kaina yake."

Sai na ji yatsunta suna sakin hannuna ɗaya bayan ɗaya.

Na goge leɓen azurfar da ya danne dutsen, shi siriri ne, bai ɗau lokaci ba. Na sa bakin basilla a ƙarƙashi na ɗaga. Da ya fito lafiya da na fi kowa murna, ni na san darajarsa. Amma danƙon ya shekara da shekaru, ya zama ɗaya da dutsen. Na ɗaga ta nan ya ƙi, ta can ya ƙi. Na cije na danna da ƙarfina. Ya ce tas, ya tarwatse, wani ɓarin ya yi tsalle har gindin bango. Matan ƙofa suka yi salati. Ƙawata dai ta gyara riƙon buta.

Na kankare gurbin. Ta bayan hannu akwai ɗan sarari, fallen ƙahon ya shiga, amma rabi kawai ya tsaya. Wato rabin wurin da zan goga babu komai tsakanin azurfa da fata, in na zarce jijiya zan yanka. Ruwa da garin azurfa kuma sun cika gurbin, ido ba ya ganin zurfi.

Maigida ya matso har kunnensa na neman taɓa hannun. Ya ce, "Dogon ja za ki yi. Ba daka kike ba."

"Ka taɓa ganin na yi aikin ganganci?"

"Yanzu ko me kika yi ba na gani. Goga."

Na goga. Da fari muryar azurfar mai kauri ce, gur-gur-gur. Ya ce in ci gaba. Ladan ya kira azahar muna nan. Hannuna ya mutu, na sauya riƙo. Sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Muryar ta fara sirancewa. Sassauta." Ni ban ji bambanci ba, wannan kunnen nasa ne. "Kaɗan. Kaɗan kuma. Tsaya!"

Na tsaya da magagari a sama.

Saura ja. Wannan ɓangaren ba sai an koya mini ba, zare aikina ne. Na ɗauko zaren lailan da nake shirya murjani da shi, na ninka, na shafe da man shanu. Na juya hannun. Nan ne wurin tsoro, cikin tsintsiya, inda jijiyoyi suke kwance. Na sa allura ta gindi, wajen kafar, don kada tsinin ya huda, na lallaɓa ta ƙarƙashin bakin munduwar tana tura zaren har ya ɓullo. Na yi wa ɗaya bakin haka. Kowane zare na ɗaure shi a jikin muciya.

Na ba maigida muciya ɗaya, ɗayar na miƙa wa ƙawata. Ta dube ta, ta dubi matan ƙofa. Na ce, "Ba don kowa ba, azurfarki za ki ƙwato." Ta karɓa.

Ni na rungume hannun a cinyata, na riƙe karayar gam. Na ce su ja a hankali, tare. Suka ja. Zaren ya miƙe yana kuka, munduwar ko motsi. Na ce su ƙara. Zaren maigida ya tsinke, ya tafi da baya sai da bango ya tare shi.

"Zaren naki ruɓaɓɓe ne," in ji shi.

"Hannun naka ne. Ja ake yi, ba fizga ba."

Na sake zurawa, na yi ninkin da ya fi na farko. Wannan karon allurar ta fi wuyar shiga, yatsuna sun yi santsi da mai, tana ta kuɓucewa. Tafin yarinyar ya ƙara duhu, idonta ya fara lumshewa. Na ce wata ta zo ta tallafe ta ta baya tana yi mata fifita.

"Bismillahi. Ku ja."

Maigida ya tokare ƙafa a jikin uwar maƙera. Ƙawata ta kau da fuska, ta ja da duk ƙarfin da Allah ya ba ta, jijiyoyin wuyanta suka fito ruɗu-ruɗu. Na ji munduwar ta yi wata 'yar ƙara a ƙarƙashin tafina, kamar an taka kara. Bakin ya buɗe faɗin yatsa, ya ƙara, ya ƙara. Na ce su tsaya haka kada su saki. Na murza ta a hankali ta gefe na zare ta.

Inda ta tashi ya bar kwari zagaye da hannun, fari fat, wani wurin ya saɓule. Muka zauna muna jira. Can nesa injin ban ruwa na ta bugawa. Na taɓa yatsun, sanyi. Na jira na sake taɓawa, sanyi. Maigida yana ta tambaya, "Yaya? Yaya?" Na fara tunanin da wane ido zan dubi matar nan in na fasa mata dutse, hannun kuma bai dawo ba.

Sai yatsun ƙafar suka motsa. Suka ƙanƙame, suka kama tabarma har ta tattare. Yarinyar ta buɗe ido, ta ja numfashi ta haƙora, ta cije leɓe. Jini ne ke komawa. Wanda ya taɓa danne ƙafarsa ta mutu a zaune ya san somin-taɓinsa. Ta yi ƙoƙari, wallahi ta yi ƙoƙari. Sannan abin ya fi ƙarfin fulako, ta ƙwalla ƙarar da sai da kaji suka watse, ta kira uwarta da Fillanci, ta sake kira.

Na ce, "Yi, 'yar nan. Ƙara. Duk na jiya da kika ɓoye, fito da shi."

Uwar ba ta amsa kiran ba. Ta ba mu baya, ta durƙusa tana tsintar ɓaraguzan dutse a ƙasa, tana ƙullewa a gefen zani. Ta daɗe tana tsinta, har bayan babu sauran abin tsinta. Kafaɗunta kawai muke gani suna rawa. Na yi wa matan ƙofa ido, suka juya suka fita.

Ba a jima ba mijin ya iso da adaidaita sahu, cikinsa duk ruwan tumatir. Na jera wa hannun karare na ɗaure da ɗankwali, muka sa ta. Ƙawata ta shiga ta zauna tana kallon waje, amma na ga ta tura gwiwarta ƙarƙashin hannun don kada gargadar hanya ta girgiza shi.

A Kura suka kwantar da ita, suka yi mata aikinsu. Labari ya riƙa zuwa mana guntu-guntu, yau a ce da sauƙi, gobe a ce yatsun ba sa motsi. Ƙawata ta ɗauke ƙafa, ban san ko fushi ne ko jinya ba. Ban aika ba, ita ma ba ta aiko ba.

Sai da aka fara dashen shinkafar damina yarinyar ta zo, ita kaɗai. Hannun ya rame, ya fi ɗayan siriri, tabo ya zagaye tsintsiyar. Ta durƙusa za ta fara doguwar gaisuwarsu, na ce ta ajiye gaisuwar tukuna. Na zuba 'yan ƙwayoyin murjani a faifai na tura mata.

"Ɗauko mini ɗaya. Ba da hagu ba."

Ta miƙa hannun. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun lanƙwashe a tafi, ba su tashi ba, har yau kuma ba su tashi ba. Sauran suka sauka a faifai suna rawa. Ƙwayar ta gudu. Ta bi ta, ta sake gudu. Na riƙe bakina. Can ta datse ta a bakin faifai, ta kama ta tsakanin babban yatsa da manuni, ta ɗago ta a hankali har ta sa mini a tafi.

Na ce, "To, yanzu gaishe ni. Ya shanu?"